Fijon Baba

Fijo 504 ɗin da Baba ya bari, harhaɗin Kaduna, ita ke kai yarana makaranta har yau. Watan jiya murfin ƙarƙashin dashbod ya faɗo, wayoyi suka zazzago. Da na ga Auta yana jan wata ja, gabana ya faɗi.

Makaniki ya ce a yar da murfin kawai. Ban yarda ba. Ina saukowa daga aikin dare na cire kan batir, na tattara wayoyin na ɗaure, na kwanta rigingine da tocila a baki. Murfin ya tsufa, in kin matse noti da ƙarfi tsagewa zai yi, sai na bi shi a hankali kamar mai neman jijiyar jariri.

Can ciki na tarar da wata waya naɗe da baƙin salatif, irin ɗaurin Baba. Na daɗe ina kallonta kafin na rufe.