Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram da Goyo

'Yar'uwa, ranar da zan je suna Gwaram da goyon wata huɗu, a tashar Birnin Kudu na bari aka danne jakar jaririna a but, ƙarƙashin buhuna. Mun bar duwatsun garin a baya ke nan mota ta lalace, ga ƙurar hunturu, yaro kuma ya ɓata jikinsa. Wata dattijuwa ta ara mini zane, ta ce, "'Yar nan, kayan jariri a cinya ake riƙe su."

Tun ranar jakar hannuna ba ta rabo da nafkin, kayan canji biyu, hula da safa, majanyi, sabulu, leda, katin rigakafi da ruwan shana, tunda shi nono ya ishe shi har wata shida. Gidan sauro kuwa, ko kwana ɗaya za mu yi, da shi nake tafiya.