Keken da Na Sayo Ba Kai, Ba Sirdi

Ranar da na kawo keken gida, a kafaɗa na shigo da shi, don ba ya hawuwa. Baba yana zaune a zaure yana sauraron rediyo. Ya dube ni, ya dubi abin da na jingina a bango, ya ce, "Wannan kuma fa? Keke ne ko ƙwarangwal ɗin keke?"

Yana da gaskiya. Firam ne na keken tsere, da fok, da sirarran tayoyi biyu, da sarƙa da giya. Ba kai, ba wuyan da ke riƙe kan, ba sandar da sirdi ke zama a kanta. Sirdin da hannuwan birki a leda dillalin ya ƙulla mini su. Saboda wannan gibin ne ma ya rage mini kuɗi har na iya saye.

Ba sai na yi muku dogon bayanin dalili ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk ɗalibin da ke zuwa daga gida ya san abin da adaidaita sahu ke ci a aljihunsa. Ni hawa biyu nake yi kafin in iso makaranta, biyu kafin in koma. Don haka a watanni huɗun SIWES, duk abin da maigidan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya miƙo mini na "sha ruwa", ban sha ruwan ba, tarawa na yi. Da shi na sayi wannan keken ɗan Beljiyam. An hau shi a Turai, amma a wurina sabo ne fil.

A zatona abin da ya rage ba wani abu ba ne: ƙarafa uku kawai. Washegari na shiga kasuwa wajen masu kayan keke, na zaɓa da ido. Na ɗauki kai mai faɗi saboda ya fi kwarjini. Na ɗauki wuya mafi tsawo a cikin tarin, saboda a bidiyon gasar Tour de France da nake kallo a waya, haka nake ganin 'yan tsere sun kwanta a kan kekunansu kamar kibiya. Sandar sirdi kuwa, da muka zura ta a firam sai ta faɗa ciki ba gardama, har tana ɗan rawa. Mai kayan ya ce, "Ai ba komai, ɗan makaranta. Yanko gwangwanin madara ka naɗa mata, ka ɗaure noti tamau, shi ke nan." Na biya, na taho ina jin daɗi.

Mako ɗaya na yi a haka. Kullum na bar gida da sirdi a sama, kafin in iso ƙofar makaranta ya nutse, gwiwoyina suna neman taɓa ƙirjina. In ƙara ɗaure notin, gobe ya sake nutsewa. Wuyana ya sage saboda ɗaga kai in ga hanya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannun dama: ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka riƙa mutuwa, kamar ba a jikina suke ba. Daga baya na gane cewa akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu zuwa waɗannan yatsu biyun, kuma ita nake dannewa da nauyin jikina duka, tun da wuyan keken ya ja ni gaba fiye da tsawona.

Ranar Alhamis ta makon muka yi gwajin darasin ƙarfin ƙarafa. Na san amsoshin, wallahi na san su, amma biro ya ƙi zama a hannuna. Rubutuna ya koma kamar tafiyar kaza, tambaya ta ƙarshe ko taɓa ta ban yi ba aka karɓe takarda. A shekarar ƙarshe, maki goma ba abin wasa ba ne. Na fito na tsaya a gaban keken ina kallonsa, sai kunya ta kama ni. Shekara biyu ina koyon aikin injiniya, ina riƙe kalifa a wokshop ina auna kaurin ƙarfe, amma da abin ya zo kan kuɗina da jikina, da ido na yi awo.

Na je na sami malamin wokshop ɗinmu na ce, "Malam, don Allah a ara mini kalifa na minti goma." Ya biyo ni waje da kansa. Muka auna ramin firam: milimita 27.2. Muka auna sandar da na sayo: 26.8. Bambancin bai kai rabin milimita ba, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Malam ya shafa bakin firam ɗin da yatsa ya ce, "Ka yi sa'a bai tsage ba. Alminiyam ba ya son a matse shi a kan abin da bai cika shi ba. Da ka ƙara kwana biyu kana wannan ɗaurin, da sai dai ka sayar da shi wa 'yan gwangwan."

Daga nan na fara aikin daga tushe, kuma da sandar sirdi na fara, don sai mazauni ya daidaita ake sanin inda hannu zai kai. Sandunan nan kauri-kauri ne. A kekunan zamani an fi samun 27.2 da 30.9 da 31.6, tsofaffin na ƙarfe kuma suna da nasu, kuma galibi lambar tana buge a ƙasan sandar. Akwai kuma wani layi da aka zana a jikinta, wanda ke nuna iyakar inda za a iya jan ta sama. In layin ya fito fili, to ana neman karya sandar ko firam ɗin. Wasu sandunan miƙaƙƙu ne, wasu kansu ya koma baya da kamar milimita 20 ko 25 don sirdi ya ɗan ja baya. Na sami mai 27.2 mai ɗan komawa baya, na shafa mata giris kafin in zura, don kada wata rana ta ci ta ƙi fita.

Tsayin sirdi kuwa, a gida muka auna shi. Na tsaya ba takalmi na jingina da bango, na matse littafi a tsakanin cinyoyina, ƙanwata ta yi alama da alli a saman littafin tana ta dariya. Daga ƙasa zuwa alamar, santimita 81. Akwai lissafin da aka fi danganta wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: a ninka wannan tsawon da 0.883. Nawa ya ba da kusan santimita 71.5, daga tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa saman sirdi. Wanda lissafi ke ba shi ciwon kai, ya hau ya ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkace ba, ya kusa da wurin.

Sai kan keken. Telan unguwarmu na roƙa ya auna mini tsakanin ƙasusuwan kafaɗuna biyu, ya ce 39. Kawunan keken tsere yawanci 38 ne, 40, 42 ko 44, kuma wanda na sayo da farko 44 ne, wato na mai ƙirar ɗan dambe. Shi ya sa nake tafiya hannuwa a buɗe kamar mai shanya. Na koma 40, mai ɗan gajeren lanƙwasa, yadda yatsuna za su kai birki ko ina riƙe da sama ko ina riƙe da ƙasa. Tsakiyarsa, inda wuya ke kama shi, milimita 31.8 ne. Tsofaffin kawuna 26 ne ko 25.4, kuma ba sa zama a wuyan zamani, don haka dole a auna su biyun tare.

Tun da na hannu ne, sai da na kware tef ɗin da ke naɗe a jikinsa gaba ɗaya a gaban mai kayan, yana ta ƙunƙuni. Gumi yana taruwa a ƙarƙashin tef ya ci alminiyam, ya bar wani farin gari kamar toka. Abin da aka koya mana a aji ne: alminiyam yana gajiya a hankali da yawan girgiza, tsaga ta fara ƙarama, wata rana ya karye ba sallama. A kan titunanmu masu ramuka, tsakanin tirela da adaidaita sahu, ba na fatan kan keke ya rabu biyu a hannun kowa. An nuna mini wani na kabon, mara nauyi kamar kara, har raina ya biya. Na haƙura, saboda kabon yana iya tsagewa ta ciki waje kuma lafiya lau, ban san faɗuwa nawa ya yi a hannun mai shi na farko ba, kuma ba ni da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.

Wuya ne na ƙarshe, kuma shi ne ya fi taɓa girman kaina. Wanda na sayo milimita 120 ne. Na aro na wani abokina mai 100 na gwada kwana biyu, har yanzu ina miƙa. Na tsaya a 90. Wuyan yana da ɗan karkata na digiri 6, ana iya juya shi ya kalli ƙasa ko sama. Na juya nawa sama. Keken ya rage kama da na 'yan Faransa, amma gwiwoyin hannuna sun sami damar lanƙwasawa kaɗan, kuma ina ganin hanya ba tare da na karya wuya ba. Wajen ɗaurawa, notin saman ake fara matsawa kaɗan har boris ya daina rawa, sannan na gefe. Huɗun da ke riƙe kan kuma a bi su a giciye, kaɗan-kaɗan. A jikin wuyan an rubuta 5 Nm, wato ɗauri ne na alanki a tsakanin yatsu, ba na taka sifana da ƙafa ba.

Kayan farko da na mayar, rabin kuɗina aka ba ni. Asarar ta kai kuɗin adaidaita sahu na mako biyu, ga makin da ya tafi. Da na ba Baba labari bai yi mini faɗa ba. Tashi ya yi ya jawo tsohon Phoenix ɗinsa, wanda ya girme ni, ya nuna mini wata 'yar shaida da aka yi da zarto a jikin sandar sirdinsa. Ya ce, "Tun kafin a haife ka na yi ta. Ko wa ya ari keken nan ya taɓa sirdi, nan nake mayar da shi." Bai taɓa jin sunan LeMond ba. Na ɗauko tef na auna daga feda zuwa sirdinsa, na auna ƙafarsa, na ga shi ma gwiwarsa ɗan lanƙwasan nan take yi, irin wanda na sha wahala kafin in samu. Ya ce, "To injiniya, na ci jarrabawar?" Na ce, "Baba, ai kai ka fi ni maki."

Yanzu wata uku ke nan. Yatsuna sun dawo daidai tun a mako na biyu, ina isowa laccar ƙarfe takwas kafin masu jiran abin hawa, kuma kuɗin da nake ragewa shi ke tafiya a kayan furojet. Na lura kekuna suna ƙaruwa a bayan wokshop, wasu sirdinsu a ƙasa kamar na yara, wasu sandar ta fito har layin yana leƙowa. Duk wanda ke shirin saye, ya auna ramin firam, ya auna kafaɗunsa da ƙafarsa, ya rubuta a takarda kafin ya shiga kasuwa, kuma ya ware kuɗin hular kwano da makulli. Wanda kuma bai san ta inda zai fara ba, ya same ni bayan la'asar a wurin ajiye kekuna. Nawa ne baƙin nan mai wuya yana kallon sama. Malam ya ce zai ci gaba da ara mana kalifar, da sharaɗin a mayar masa da ita cikin akwatinta.