Yadda Na Koyi Tafiya da Kare

'Yan'uwana ɗalibai, malamanmu su kan ce mana kada malami ya shiga aji sai ya shirya darasinsa tun da dare. Ni dai ban gane nauyin wannan magana a aji ba. A kan hanyar Jos zuwa Lafiya na gane ta, kare ne kuwa ya koya mini.

Sunan karen nan Duna, don baƙi ne ƙirin. Na mahaifina ne. Shi ya kan raka shi gona, ran Lahadi kuma ya kwanta a gindin mangwaro har a tashi sujada. Da Baba ya rasu a 2023, sai aka shirya mahaifiyarmu za ta koma wurin yayana a kusa da Lafiya. Ta riga mu tafiya, aka bar ni in kai sauran kaya da Duna. Da za ta shiga mota ta ce, "Ɗana, kome ka manta, kada ka manta da karen ubanka."

Ran tafiya na ga hanya da nisa, sai na cika masa kwano da tuwo, wai kada ya ji yunwa. Na ɗaura masa igiya, muka isa tasha wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da karen mota ya gan mu sai ya yi dariya, ya ce shi kaɗai ne karen da ke da wuri a motar nan. Muka yi ta ciniki, daga baya ya tura Duna cikin but tare da buhunan dankali, ya rufe. Ni kuwa na yi murna an rabu da rigima.

Wanda ya san hanyar nan ya san Hawan Kibo, inda mota ke gangarowa daga tudun Filato tana kwana bayan kwana. Muna sauka, sanyin Jos ya ƙare, zafi ya karɓe mu. Da fari ina jin Duna yana kuka yana kartar ƙarfe. Can sai na ji shiru. Na ce a raina ya yi barci.

Da muka tsaya a Akwanga aka buɗe but, ga shi kwance cikin amai, harshe waje, yana haki kamar zugazugi, ya kasa ɗaga kai. Jikina ya mutu. Ba abin da na ke tunawa sai maganar mahaifiyata.

Akwai wani dattijo a motar, mai rawani da carbi, wanda tun daga Jos na ke kauce wa idonsa, don na zaci shi zai fara ƙin kare a mota. Ashe shi zai cece mu. Ya ce, "Yaro, ja shi inuwa." Ya miƙo mini butarsa ta alwala, ya ce in jiƙa masa ciki da ƙafafu da wuya, in kuma zuba kaɗan a murfin kwano ya lasa. Sau uku yana sa a ciko butar. Ya kuma roƙi direba ya dakata. Bayan kamar rabin sa'a Duna ya miƙe yana tangaɗi. Na durƙusa ina godiya. Dattijon ya ce, "Dabba ba ta da bakin faɗa maka abin da ke damunta. Kai za ka yi mata tunani."

Bayan wata huɗu mahaifiyarmu ta ce zaman can bai karɓe ta ba, za ta komo gida. Wannan karo na shirya, na kuma yi tambaya wurin likitan dabbobi. Ga abin da na yi, ko zai amfani wani.

Da fari na kai Duna aka yi masa allurar rigakafin haukan kare, na karɓi takardar shaida na sa a aljihu. A kan fara allurar nan tun kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Mu mutanen Filato ba mu da hujjar sakaci, gama ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tana nan Vom tun 1924. Ciwon nan kuwa in ya bayyana a jikin mutum, da ƙyar ƙwarai a tsira. Kare a baƙon wuri ya kan tsorata, mai tsoro kuwa shi ke cizo. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti ran nan.

Sa'an nan na sa kafinta ya buga mini akwati na katako mai tazara tsakanin allunan, yadda iska za ta ratsa, kare kuma ya iya tsayawa ya juya. Mako guda kafin tafiya na riƙa ba shi abinci a ciki, har ya saba. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigar Baba, na cire masa kaska, na yi masa wanka.

Ran tafiya na ba shi abinci kaɗan tun sa'a huɗu kafin mu tashi, don cikakken ciki da kwanar hanya su ke kawo amai. Na riƙe galan na ruwa da kwanonsa. Muka tashi da asuba. Dalili kuwa, kare ba ya gumi a jiki kamar mu. Da haki ya ke fid da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Sabo da haka rufaffen but ko motar da aka kulle a rana, tanda ce gare shi.

Abu na ƙarshe, shi ne wanda na fi jin kunyar rashin yinsa da fari. Na sami direban a-kori-kura tun jajibere na gaya masa da kare zan zo, na biya kuɗin wurinsa a baya, ni ma na zauna kusa da shi, na yi masa inuwa da tabarma. Na gai da fasinjoji na shaida musu yana cikin akwati, ba zai taɓa kowa ba. Da yawa cikin 'yan'uwanmu Musulmi suna kiyaye tufafinsu daga yawun kare sabo da salla, waɗansu mutane kuma tsoronsa su ke yi. Haƙƙinsu ne a tambaye su. Duk inda muka tsaya na fito da shi da igiya a wuya, nesa da masu abinci, ya sha ruwa ya zaga. Ban sake shi ko sau ɗaya ba.

Muka iso gida kafin azahar. Duna ya sauka da ƙafarsa, ya nufi gindin mangwaro.

Wata mai zuwa za mu fita gwajin koyarwa. Za a ba mu yara ƙanana waɗanda ba su iya cewa, "Malam, ban gane ba." In aji ya yi tsit, ba zan ƙara cewa a raina lafiya ce ba sai na duba.