Zamanin Charizard a Hindawiyya

A shekarar 2000, da wuya ka ratsa lungunan Hindawiyya a Jidda bayan La'asar ba ka tarar da yara sun durƙusa kan kwali suna baza katunan Pokémon ba. Mu 'ya'yan Hausawa tsundum muke ciki, tare da 'ya'yan Yamalawa da 'yan Cadi. Riyal ɗin tara da ake ba mu a wurin mai bakala, wato kanti, yake ƙarewa, kuma rabin abin da muke sayowa jabu ne, launin har tashi yake a yatsa.

A ƙa'ida wasan na mutum biyu ne, kowa da kati 60, a ware shida a gefe a matsayin lada. To wa ke da 60 a cikinmu? Sai muka yanka wa kanmu doka: mutum huɗu a zagaye, kowa ya kai hari inda ya ga dama. Nan wasan ya koma siyasa.

Charizard shi ne sarki. Ransa 120, dukansa ɗaya 100, amma sai ka ɗora masa katin ƙarfi huɗu kafin ya motsa, kuma kowane duka yana cinye biyu. Duk wanda zumuɗi ya ɗebe shi ya fito da shi da wuri ya sayo wa kansa rigima, domin nan take sauran ukun za su manta da gabarsu su yi masa taron dangi. Mai katin ruwa ne ke gamawa da shi, tunda dukan ruwa ninki biyu yake a jikin wuta.

Gwaninmu wani ɗan ƙanen babana ne, wanda bai taɓa mallakar Charizard ba. Hitmonchan yake ajiyewa, mai ɗan duka 20 da kati ɗaya, ya yi lamo kamar ba ya wurin, alhali ya ɓoye katunan Energy Removal da Gust of Wind a hannu, na cire wa mutum katin ƙarfi da na janyo dabbarsa gaba. Babban makaminsa kuwa Hausa ce, tunda Yamalawan ba sa ji. Sai ya sunkuyo ya ce, "Yaya, ƙyale ni wannan zagayen, ni zan kashe maka wutar wancan." Yakan cika alkawarin kuwa. Sai mun rage mu biyu, na gama ƙarar da katunana a kan wasu, sannan ya janyo mafi raunin dabbobina gaba ya tsince.

A watan Maris na 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, bisa hujjar caca, da koyar da ra'ayin Darwin, da wasu alamomi da ke jikin katunan. Darwin dai ba mu san shi ba a lokacin. Zancen caca kuwa, a ganina malaman ba su yi ƙarya ba: wanda aka cinye sai ya miƙa kati, kuma an sha dambe a kan haka. Cikin 'yan kwanaki katunan suka ɓace daga bakaloli, iyaye suka bi jakunkuna.

Da muka tasa sai muka koma balot, mai kati 32, wanda har gasar ƙasa aka shirya masa a Riyad a 2018. Shi ma mutum huɗu ne, sai dai biyu-biyu, kuma abokinka naka ne har a tashi. Ɗan'uwan nan nawa bai taɓa yin suna a balot ba.