IDO BA MUDU BA: ƘARFIN TAKI TSAKANIN MANOMI DA NA'URAR HASKE

Bahaushe mutum ne mai son ma'auni. Hatsi yana da dami tun yana gona, yana da mudu da tiya idan ya shiga kasuwa. Tufa tana da kamu, mai yana da kwalba. Amma akwai abu guda wanda kusan kowane magidanci a ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram yake kashe kuɗi ko ƙarfi a kansa kowace shekara, alhali kuwa awon da ake yi masa bai taɓa ainihin abin da ake nema a cikinsa ba. Wannan abu shi ne takin gida. Da mangala ko amalanke ake auna shi, watau yawansa kawai ake lissafawa, ƙarfinsa kuwa sai damina ta faɗa. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in yi tsokaci a kan wata hanyar kimiyya ta auna wannan ƙarfi, sa'an nan in nuna inda aikin ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa.

Ni ɗan Birnin Kudu ne, dangin mahaifiyata kuma suna ƙasar Gwaram, saboda haka da ɗaukar taki na tashi. Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara wa takin zamani tsada, mutanenmu da yawa suka koma wa takin gida gadan-gadan, har abin da a da akan ba maƙwabci kyauta ya zama haja. A daminar da ta biyo baya wani kawuna ya sayi taki daga gida biyu, kuɗi ɗaya, amalanke ɗaya, ya zuba wa gonar geronsa, kowane a ɓangarensa. Da shuka ta kai gwiwa sai gona ta rabu biyu kamar an ja layi: gabas kore shar, yamma kuwa ganye ya yi ɗorawa, kara ya tsumbure. Babu wanda ya cuce shi da gangan, domin mai sayarwar ma bai san abin da ya sayar ba. Amma rumbun gidan bai kai su ƙarshen bazara ba, sai da aka sayar da tunkiya aka auno hatsi.

Kada mai karatu ya ɗauka manomanmu ba su san taki ba. Sun san shi, har sun rarraba shi a bakinsu. Sukan ce kashin kaji yana da zafi, yana ƙone shuka idan ruwa ya yi ƙaranci. Sukan fifita takin turke na tumaki da awaki a kan na shanun da suka yini suna cin busasshen kara. Suna bambanta takin juji, mai toka da shara, da wanda ake samu idan Fulani sun sauka a gona da rani. Dattijo yakan damƙi taki ya murza, ya shinshina, ya ce wannan ya ruɓe, wancan ɗanye ne. Gaskiya ne ido ba mudu ba ya san ƙima. Sai dai akwai abin da ke ɓuya wa ido da hanci: yawan yashin da aka kwaso tare da taki, da kuma ƙarfin da rana ta tsotse daga tulin da ya yi wata da watanni a fili.

A nan ne maganar na'urar haske ta shigo. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar da zafin ya ƙaru. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infared, ni kuwa zan kira shi hasken bayan-ja. A shekarun 1960 Karl Norris na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya nuna cewa ana iya auna danshin hatsi da shi. A 2003 kuma Keith Shepherd da abokan aikinsa a Nairobi ta ƙasar Kenya suka buga bincike wanda ya nuna cewa hanyar tana iya tantance ingancin ganyaye da ragowar amfanin gona da takin dabbobi na ƙasashe masu zafi irin namu.

Yadda abin yake shi ne, akan busar da takin, a niƙe shi, a zuba kaɗan a ɗan kofi, a haska masa wannan haske. Kowane sinadari da ke ciki yana shanye wani yanki na hasken, ya mayar da saura. Na'ura takan rubuta abin da ya dawo, kwamfuta kuma ta kwatanta shi da na waɗansu samfura da aka riga aka auna ta tsohuwar hanya, irin wadda Kjeldahl ya fito da ita a 1883, mai bukatar dafa samfur a cikin ruwan asid. Aikin da kan ci kwanaki da kuɗi sai ya koma na 'yan mintoci, ba tare da an sayi sinadarin awo ba.

Me ake nema a ciki? A 2001 Cheryl Palm da abokan aikinta sun tsara wani mizani mai ƙafa uku. Na farko shi ne naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore. Na biyu liginin, abin da ke sa itace da kara tauri. Na uku kuwa sinadarin bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Idan naitirojin ya haura kashi 2.5 cikin 100, liginin bai kai kashi 15 ba, bauri kuma bai kai kashi 4 ba, to ana iya zuba abin kai tsaye ya ciyar da shuka a daminar. Idan naitirojin ya yi ƙasa, kamar a karan dawa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan fara wawashe ɗan naitirojin da ke cikin ƙasa, shuka ta zauna da yunwa. Irin wannan sai a haɗa shi da takin zamani, ko a tara shi ya ruɓe tukuna. Ga kuma lissafi mai sauƙi: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Tan ɗaya na busasshen taki mai kashi 2 cikin 100 yana da kilo 20, mai kashi 1 kuwa kilo 10 kacal. A ido duk amalanke ne, a gona kuwa ɗaya ya ninka ɗaya.

To, amma ita wannan na'ura ɗaliba ce, abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Idan da ganyayen Kenya aka horar da ita, ba lalle ne ta faɗi gaskiya a kan harawar gyaɗa ta Sara ko 'ya'yan gawo na Basirka ba, domin kama da wane ba ta wane. Dole a tara ɗaruruwan samfura daga turakunmu da jujinmu, a auna su ta tsohuwar hanya, a koya mata. Kowane samfur kuma yana bukatar suna da tarihi: wace dabba ce, me ta ci, a inuwa aka tara ko a rana, mai shi ya kira shi mai zafi ko mai sanyi. Idan aka rubuta wa duka suna ɗaya, watau taki, an zubar da rabin ilmin tun kafin a kunna na'ura.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, wannan ɓangare namu ne. Muna zuwa ƙauyuka muna tattara karin magana da kirari da sunayen tsirrai, amma kalmomin taki da na ƙasa, irin su jigawa da fadama da jangargari, ba mu cika kula da su ba, masu su kuwa tsufa suke yi. Ina ganin ya kamata sassan Hausa su haɗa hannu da masana aikin gona, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da aka kafa a Jami'ar Bayero a 2012. Su su zo da na'ura, mu mu zo da littafi da kunne. Daɗin daɗawa, idan sakamako ya fito, wani ne zai mayar da shi bakin manomi. Kashi 1.2 cikin 100 ba magana ba ce a gindin bishiyar kasuwa. Maganar da za ta yi amfani ita ce a ce wa mutum: "Baba, wannan takin naka rabinsa yashi ne, sai ka ninka amalanke, ko ka ƙara masa tiya biyu ta yuriya bayan noman farko." Wanda zai iya faɗin haka daidai, da ladabin da ya dace, ba zai rasa aikin yi a Jihar Jigawa ba.