Motar Gado

A wani gida na unguwar Birni, cikin Damagaram, wata Peugeot 504 Coupé V6 ƙirar 1975 ta shekara 18 lulluɓe da tamfol. Irinta ce ta lashe tseren Bandama na ƙasar Kodebuwa a 1978. Da mai ita ya rasu, magada suka yanke shawara: in ba ta tashi ba kafin sadakar arba'in, a sayar wa ƴan ƙarfe, a raba kuɗin.

Autan gidan ya sa sabon batir, zai murɗa makulli, sai tsohon makaniken mahaifinsu ya riƙe hannunsa, ya ce: "Ɗana, wanda ya daɗe kwance ba a tashinsa da gudu." Ya kwance buji shida, ya ɗiga mai a ramukansu, ya juya injin da hannu. Ya kankare tsatsar filatin har wuta ta fito. Man da ya kwana a tanki ya zama danƙo, ya toshe karbureta. Suka wanke duka. Cikin salansa kuwa, zanzaro ya yi gini. Ashe zaman wuri guda ya fi doguwar tafiya cin mota.

Ana saura kwana biyu sadakar, ta yi tari, ta kama. Babban wa, wanda ya fi kowa matsawa a sayar, shi ya fara buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar marigayi.