Jarumin Da Aka Bari Ya Tsufa

Hausawa sun ce hali zanen dutse. A wajen zaman duniya maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma labarin da jaruminsa ya ƙare da halin da ya fara da shi ba ya daɗewa a zuciyar mai sauraro. Mai neman shaidar wannan ya dubi jerin wasannin kwamfuta da ake kira Assassin's Creed, wanda kamfanin Ubisoft ya soma fitarwa a 2007, inda mai wasa yake shiga rigar wani mayaƙin ɓoye, ya zaga da shi biranen tarihi.

Wasan farko ya kai mutane ƙasar Sham ta shekarar 1191, zamanin yaƙin Salahuddin da Sarki Richard na Ingila. Jaruminsa Altair gwani ne, amma girman kai ya sa ya karya dokokin ƙungiyarsa, shugabansa ya tuɓe masa muƙami, ya ɗora masa kashe mutum 9 kafin ya mayar masa da darajarsa. Ƙashin labarin mai kyau ne, sai dai ayyukan sun yi ta maimaita juna, shi kuma Altair ya fito kamar takobi mai tafiya da ƙafa.

A 2009 ne masu shirya wasan suka gano bakin zaren. Suka kawo Ezio Auditore, ɗan masu kuɗi a birnin Fulorans ta Italiya, wanda aka haifa a 1459. Mai wasa ya fara saduwa da shi yana saurayi mai rawar kai, ba abin da ya dame shi sai faɗan unguwa da zance. A 1476, yana ɗan shekara 17, aka rataye mahaifinsa da 'yan'uwansa maza biyu a gaban idonsa bisa ƙage. Daga nan ya ɗauki makami, kuma ramuwa kaɗai ke ransa. Akwai wurin da ya kashe wani abokin gabarsa ya tsaya yana zagin gawar, baffansa Mario ya tsawata masa, ya koya masa girmama mamaci ko da maƙiyi ne. Bayan shekara 23, watau a 1499, ya kayar da Rodrigo Borgia, wanda ya ƙulla makircin tun asali, kuma a lokacin ya zama Paparoma. Wuƙa na hannunsa ya ƙyale shi da rai, don ya gane jinin tsohon ba zai komo masa da waɗanda ya rasa ba.

Kamfanin ya ƙara masa wasanni biyu. Na 2010 ya nuna shi a birnin Rum yana tara almajirai yana horar da su. Na 2011 ya kai shi Santambul ta Daular Usmaniyya, yana da shekara 52, furfura ta cika gemu. A ƙarshensa ya isa ma'ajiyar Altair a sansanin Masyaf, ya tarar da ƙasusuwan magabacin nasa tare da wani abu mai ƙarfin mallake zukatan mutane, ya bar shi nan inda ya same shi, ya ajiye makamansa. Wani gajeren fim na wannan shekara ya nuna rasuwarsa a Fulorans a 1524, yana zaune a kan benci. Mai wasa ya raka mutum guda tun daga ranar haihuwa har kabari, abin da ya sa har yanzu in ana lissafin jaruman jerin, sunansa ne ke fara zuwa bakin akasarin masu wasan.

Daga baya hankalin kamfanin ya karkata ga faɗin ƙasa. Wasan 2017 ya buɗe Masar ta zamanin Kilofatara, kuma ya tsira da mutuncinsa domin baƙin cikin Bayek kan ɗansa da aka kashe ya riƙe labarin. Na 2018 ya shimfiɗa ƙasar Girka da tsibiranta, ya bar wa mai wasa ya zaɓi jaruminsa, mace ko namiji, ya kuma zaɓar masa abin da zai faɗa. Lalle wannan 'yanci yana da daɗi, amma taura biyu ba ta taunuwa. Jarumin da zai yi jinƙai da hantsi ya yi ƙeta da la'asar, gwargwadon maɓallin da aka danna, ba shi da halin kansa balle a ga ya sāke. Na 2020, labarin mayaƙan Viking a Ingila, ya kan ci fiye da sa'o'i 50, har mutum ya manta dalilin da ya fito da shi daga gida.

Da alama kukan ya isa kunnen kamfanin, domin a 2023 ya fitar da wasan da ya taƙaita ga Bagadaza ta Abbasiyawa, da labarin Basim, ɓarawon kasuwa da ya zama mayaƙi. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai taƙaitawa kaɗai ba ta isa ba. Matasan da ke kashe dare a gaban waɗannan wasanni za su manta yawan garuruwan da suka ci da yaƙi, amma da wuya su manta ranar da Ezio ya mayar da wuƙarsa kube. Duk wanda zai shirya wani sabo, ya fara ba jaruminsa shekarun da zai yi kuskure, a tsawata masa, ya gyara.